Randa Ba Ta da Rajista

“…Lafiya lau, Kaka. Ya zafi? Ya tsufa?”

“Tsufa na gaishe ka, ya ce ka jira shi yana nan tafe. Wa nake ji kamar mijin nan nawa da ya gudu ya bar ni?”

“Shi ne da kansa. Na zo in duba ko kin cika, in kwashe gado.”

“Madalla. Ga tabarma, ga buta, ga tsintsiya. Ka zo da mota ko a kai za ka ɗauka?”

Kaka na zaune a dakalin ƙofar gida, gefen randar nan da kowa a layin ya sani: baƙa, mai faɗin ciki, gindinta a binne cikin yashi mai laima, an rufe ta da faifai, moɗa a ɗaure da igiya a wuyanta. Marigayi mijinta ne ya kafa ta domin masu wucewa. Wanda ke tsaye a kanta kuwa jikanta ne, da aka sa wa sunan marigayin. Da yake Kaka ba ta kama sunan miji, sai ta laƙaba masa Maigida, har sunan ya bi shi.

Tun da kamfani ya karɓe famfon unguwa, ya cire kan famfon ya dasa akwatin ƙarfe da ba ya zubo ko ɗigo sai an nuna masa kati, Maigida ya samu aikin tsaron akwatin. Aka ba shi shuɗiyar riga mai hoton ɗigon ruwa a ƙirji. Daga ranar tafiyarsa ta canza. In yana tafe sai ka rantse shi ya haƙa teku da farcensa.

Yau manaja ne ya aiko shi da saƙon da ya fi ƙarfin bakinsa. Rana ta gasa shi a hanya, don haka kafin ya tuna abin da ya kawo shi, hannunsa ya riga ya ɗage faifai. Ya cika moɗa ya shanye, ya ƙara, maƙogwaro na ƙut-ƙut kamar raƙumin da ya shekara a hamada.

Kaka ta miƙa hannu. “Kati.”

“Wane kati?”

“Na randa. Ka yi rajista? Ka biya kuɗin wata? Ko ka ɗauka nan gidan ubanka ne?”

“Gidan uban nawa ne mana.”

“To shi ma in ya zo sai ya nuna.”

“Ke matsalarki rashin wayewa. Ke da kika sha ruwan Ɗufana kyauta, ina za ki gane tsarin zamani?”

“Na sha. Kuma ranar ban ga mai shuɗiyar riga a bakin jirgi ba. Da kai aka ba tsaron ƙofa, da giwa ta nitse tana bin layin rajista.”

“Da ta biya, da ta shiga. Ruwa fa sai an tace shi, sai an turo shi da inji, injin kuma ba addu'a yake sha ba.”

“Iye! Wa ya biya maka wannan karatun? Na san bakinka, bai iya jera magana haka ba.”

“Manaja.”

“Na ji. Aku ma in ya daɗe a gidan liman yana yin sallama.”

Maigida ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya zauna a gefen dakali, ya cire hula yana juya ta a hannu kamar mai neman inda aka fara ɗinkinta.

“Kaka, aike ne ya kawo ni.”

“Na sani. Tun da ka sa rigar nan ba ka taka ƙofar nan don Allah ba.”

“Manaja ya ce ruwan kati na 'yan gida ne, ba na rabo ba. Ya ce mutane sun daina tsayawa a rumfar shan ruwa da kamfani ya buɗe a bakin titi, duk nan suke gangarowa su sha kyauta. In ba a ɗauke randar nan ba, za a toshe katinki.”

Kaka ta juya wajen randa. Ta ɗora tafin hannu a jikinta, tana shafa ta yadda ake shafa kan yaro mai zazzaɓi.

“Duk kamfanin kai aka ga ya dace a aiko.”

“Ni ɗan aike ne kawai.”

“Ba a mugun sarki, sai mugun bafade.”

“Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Kaka. Kin san irin zaman da na yi ba aiki. Har ke sai da kika ce za ki kai ni ƙara, wai miji ba cefane.”

“Na ce ka nemo aiki. Ban ce ka tsaya tsakanin mutum da maƙogwaronsa ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.” Ta gyara zama. “Mai sunanka birkila ne, ka sani. Abin da ba ka sani ba, wata rana ya taso daga aiki da tsakar rana, ya tsaya a ƙofar gidan wani attajiri da hannunsa ya gina, ya roƙi ruwa, maigadi ya ce ba a ba shi izini ba. A baro aka kawo mini shi, leɓe ya tsage, harshe kamar tsohon takalmi. Da ya farfaɗo bai zagi kowa ba. Kasuwa ya tafi ya ɗauko randar nan a ka. Ranar da zai rasu kuwa, bai ce mini gida ba, bai ce mini 'ya'ya ba. Cewa ya yi, kada ki bari ta bushe. Yau ga mai sunansa ya zo tuge ta.”

Ana cikin haka sai ga wani ɗan dako ya tsaya da baronsa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya miƙa hannu wajen moɗa kamar yadda ya saba, sai idonsa ya faɗa kan shuɗiyar riga. Ya janye hannun.

“Ranka ya daɗe, ba ni da kati.”

“Sha, ɗana,” in ji Kaka. “Wannan mijina ne. Rigar ce ke cizo, shi ba shi da haƙori.”

Mutumin ya sha a tsugune, yana satar kallon rigar ta saman moɗa. Ya mayar da faifai a hankali, ya ce, “Allah ya jiƙan wanda ya kafa,” ya tura baronsa ya wuce. Maigida ya ji rigar ta yi masa nauyi kamar an ɗinka ta da buhun siminti.

Nan tari ya sarƙe Kaka, busasshen tari, irin wanda ke girgiza kafaɗa.

“A'a, kada ki cika a hannuna a ce don tabarma na kashe ki,” in ji shi, ya kai hannu ga moɗa.

Ta riƙe hannun. “Na baƙi ne. Leburori ba su taso ba tukuna.”

“To bari in ɗebo miki na ɗaki.”

“Bar shi, ya wuce. Maigida! Na ce ka bar shi!”

Ya riga ya shige. Tulun da ke bayan ƙofar ɗakinta yana nan inda ya san shi tun yana yaro. Ya ɗage murfi ya zura kofi, kofin ya bugi gindi ya yi ƙara. A bushe yake ƙamas, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya. A lungu ga kayan sawa a tare ba wanki. Kwanoni a kife, an goge su da tsumma. Buta ce kaɗai ke da ɗan abin alwala a gindinta.

Ya tsaya da kofi a hannu. Shi ya yi mata rajista da kansa, ya zaɓa mata ƙaramin kati, na mutum ɗaya, don shi ne mai sauƙi. Ya fi kowa sanin inda akwatin ke datse ruwan wannan katin. Abin da yake bayarwa a rana, cikin randa ɗaya ne, ba ƙari.

Ya fito ya tsaya a gabanta. Sai yanzu ya lura da leɓenta.

“Kaka, me kike sha?”

“Ruwa mana. Ka ji an ce na koma shan kananzir?”

“Tulunki a bushe yake.”

“Wa ya aike ka leƙen tulun mata? Miji mai sa ido!”

“Ba wasa nake ba. Me kike sha?”

Ta kawar da kai tana kallon titi. “In rana ta faɗi, masu wucewa sun ɗauke ƙafa, akan sami saura a gindin randa.”

“In ba a samu ba fa?”

“Sai gari ya waye. Tsohuwa ai ba ta da wani ƙishi. Mu da muka sha Ɗufana, har yanzu akwai ajiya a ciki.”

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya durƙusa a gabanta, abin da bai yi ba tun ranar da ya karɓi riga. Shi da ya shanye moɗa biyu yana zuwa, ashe rabon yammarta ya sha.

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“In faɗa wa wa? Kai da akwatin nan ban san wanda ya fi wani kunne ba.”

Maigida ya zura hannu a wuyan riga, ya ciro igiyar da katinsa na ma'aikata ke rataye a jiki, ya ɗora mata a cinya.

“Mene ne wannan?”

“Sadakinki. An daɗe ana cewa na aure ki a bashi.”

“Ɗauke abinka. Ni ban karɓi roba a sadaki ba.”

“Saurara, mace mai gardama. Manaja ya ce kada a raba ruwan katinki. To ba za a raba ba. Naki na tulu ne, ki sha, ki yi wanki, ki yi wanka ko ma samu sauƙin zama kusa da ke. Nawa na ma'aikata ne, ya fi naki yawa. Shi zai riƙa cika randa. In toshewa za a yi, a toshe nawa.”

“Za su kore ka.”

“Wataƙila.”

“Ka koma zaman banza.”

“In sun kore ni, ai ina da mata mai randa. Sai in zo nan in sha kamar kowane mai wucewa. Amma da sharaɗi.” Ya ɗage faifai, ya cika moɗa har baki, ya miƙa mata da hannu biyu. “Yau ke ce baƙuwar farko.”

Kaka ta dubi moɗar, ta dubi titi inda leburori za su ɓullo, ta dube shi. Ta karɓa. Ta sha a hankali, ido rufe, ba ta sauke ba sai da ta ga gindinta. Ta goge baki da gefen mayafi, ta goge ido ma, wai yashi ne ya shiga.

“Ruwan kamfani ne,” in ji ta, “amma randa ta koya masa tarbiyya.”

“Kin dai sha ba kati. Zan kai rahoto.”

Dariya ta ƙwace mata, har tarin ya so dawowa. Ta rataya igiyar katin a wuyan randa, kusa da igiyar moɗa, ta dube su tare na ɗan lokaci, sannan ta cire ta miƙa masa.

“Jarkoki na bayan ƙofa. Yi sauri kafin mutane su taso.” Har ya juya ta ƙara da cewa, a hankali, “Je ka, Maigida. Yau dai sunan ya zauna maka.”