Ranar da Na Auna Haƙoran Surukata

Ko zan manta komai na aikin haƙori, ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta zauna a kujerata ba. Shekarar fari ce, zamanin soja, lokacin da manyan motocin kamiyo ke sauke jar dawar agaji a unguwanni, mutanen karkara kuma suna ta kwararowa Yamai. Ni mataimakin lokotoron haƙori ne a wani ƙaramin asibiti kusa da Maourey, ga sabon aure, ga sabuwar farar riga, ga kai ya kumbura sai ka ce ni na ƙirƙiro haƙori.

Inna, mahaifiyar matata Mariyama, ta sauka gidanmu a Kirkissoye daga wani ƙauye bayan Tawa. Gero bai yi ba, awakinta sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ta iso da ƙullin kaya guda a ka. Tsakanina da ita kuwa kunya ce irin ta da. Ban taɓa kallon fuskarta ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. In gaishe ta ina kallon tabarma, ta amsa tana kallon bango. Duk wani saƙo sai ya bi ta bakin Mariyama, wadda take kira Auta.

Auta ce ta gano Inna ta daina tauna. Tuwo sai ta dama shi ya koma ruwa, goro kuma ta ƙulle a bakin zane. Ga ta dama ta zo a rame. Da aka matsa mata, ta ce haƙori ne. Ni da ba a tambaye ni ba na ce, "Ai aikinmu ne, a kawo ta gobe." (A tunanina lokotoro za ta duba ta, ni in tsaya gefe ina ɗaukar yabo.)

Washegari layi har waje, yawanci baƙin da fari ya koro ne masu dasashi na zubar jini. Lokotoronmu, Madam Rahila, 'yar Dogon Dutsi ce, mai saurin hannu da saurin baki. Ta ce in fara auna mutane ni kaɗai, in kira ta idan an zo kan cirewa. Da Auta ta shigo da Inna, ban gaya wa Madam ko wace ce tsohuwar ba, kunya ta hana.

Auna girgizar haƙori ba a yin sa da yatsa, domin tsokar yatsa na lotsawa ta yaudare ka. Gindin ƙarfe biyu ake sawa, ɗaya ta wajen leɓe, ɗaya ta wajen harshe, a tura gaba a tura baya, ana kallon yadda haƙorin ke kauce wa maƙwabcinsa. Motsi kaɗan mataki na ɗaya ne, mai yawa na biyu, wanda har yake nutsewa in an danna shi na uku, shi kuwa sau da yawa sai cirewa. Sharaɗi biyu ne Madam take nanata mini kullum: kan majinyaci ya jingina da kujera, idonka kuma yana kan haƙori.

To, Inna dai ba za ta kishingiɗa a gaban surukinta ba. Ta zauna a bakin kujera, ta ja mayafi har gira, ta rufe ido, ta buɗe baki. Ni ma da na sa ƙarafan a haƙorin gaba, sai na mai da idona kan taga. Wa zai leƙa bakin surukarsa?

Na tura, na ji ya tafi. Na jawo, ya biyo ni. Na danna, ya nutse. Na koma na kusa da shi, haka. Na kusa da wannan ma haka. Tausayinta ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Amma (a nan ne shaiɗan ya shigo) wani sashe na zuciyata yana murna, na gano abin da ban taɓa gani ba.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Madam! Duk na gaba mataki na uku ne, sama da ƙasa!"

Auta ta dafe ƙirji. Madam ta ce daga ɗaya ɗakin, "Shirya allura da kayan cirewa, ina zuwa." Na jera su a faranti a gaban Inna, ƙarfe na ƙara. Ita kuwa bakinta na nan a buɗe.

Madam ta shigo tana share hannu, ma'aikata mata biyu na biye da ita, sun zo ganin abin mamaki. Ta ce, "Nuna mini."

Na sake sa ƙarafan, na sake mai da ido kan taga, na fara turawa.

"Kai, me ke cikin tagar nan?"

Na juyo. Karo na farko ke nan da na kalli surukata sosai. Ina turawa, kanta gaba ɗaya yana yin baya. Ina jawowa, yana biyo ni. In na danna, sai ta sunkuya. Haƙoran kuwa suna nan daram kamar an dasa su da siminti. Ashe tun ɗazu wuyan Inna nake aunawa.

Matan nan biyu suka ruga waje, amma dariyarsu ta dawo ta taga. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Madam ta dubi Auta. "Mece ce tsohuwar nan gare shi?"

"Surukarsa ce, Madam."

"Yauwa, yanzu na gane." Ta sa Auta ta tsaya bayan kujera ta rungume kan uwarta a ƙirjinta, sannan Madam ta kama haɓata ta juya ni kamar ɗan akuya. "Duba haƙori. Yau ba suruki a ɗakin nan."

Na duba. Haƙorin turmi ɗaya ne can ciki yake girgiza, dasashinsa a kumbure. Shi kaɗai ya hana ta cin abinci.

Kafin a yi allura Madam ta durƙusa kusa da ita. "Inna, kin san na gaba lafiyarsu lau. Kin ji za a cire su, don mi ba ki yi magana ba?"

Inna ba ta dube ni ba. Da Auta ta yi magana, a hankali.

"Auta, na ji motsi yaron ga yake nema, sai na taya shi. An ce soja korar wanda bai iya aiki ba suke yi. Ni in ƙaryata shi gaban mutane? Haƙori nawa yake?"

Matar da fari ya raba da komai, abin da ya rage mata ke nan a baki, kuma ta yarda a zubar da shi don kada a ce mijin ɗiyarta bai iya ba. Ni dai na juya ina wanke ƙarafan da ba su yi datti ba, don kada a ga hawayena.

An cire turmin, sauran kuma da su aka binne ta bayan shekaru masu yawa, Allah ya ji ƙanta.

Tun daga ranar, kafin ƙarfe ya taɓa haƙorin kowa sai na dafa goshinsa na manna shi da kujera. In kuma na lura majinyacin yana ƙaunata, to da hannu biyu nake sa a riƙe mini shi.