Taushe a Cikin Fanken Denmark

Laifin tandar ne, ni dai haka nake faɗa har gobe.

Farkon zuwanmu unguwar Flatbush, can ƙasar Turawa, a shekarun saba'in, maƙwabciyata Inga, 'yar Denmark, ta nuna min kaskonta mai gurabe bakwai. Ta ce fanken garinsu za ta soya wa baƙi, mai kabewa a ciki. Tanda da kabewa? Ai waina da taushe ke nan! Na ce ta bar min kabewar, a hannuna ta girma. Ta fara bayani, na ɗaga mata hannu.

Na dafa kabewar, na zuba attaruhu da albasa, har da daddawar da nake tattali tun daga Kano. Inga tana sauri, ba ta ɗanɗana ba. Ta ɗura a ƙullun, ta juya da tsinken saƙa, ta barbaɗa sukari.

Surukinta, dattijon kirki, shi ya fara gatsa. Ya yi jajir, hawaye na zuba, yana ta cewa da daɗi. Sai a lokacin na tuno ta ambaci zuma da kirfa.

Har yau in na yi kek, sai maigidana ya leƙo kicin: "Hajiya, daddawar ta ji kuwa?"