Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Ba zan taɓa mantawa da warin ranar ba: fetur, tsohuwar fatar kujera da rana ta gasa, da daddawar da ta taso tun daga Zariya. Har yau in ukun nan suka haɗu a hancina (ba su cika haɗuwa ba, alhamdu lillahi), sai ranar ta dawo mini sabuwa fil.

Bari in faro daga inda na jawo wa kaina.

Lokacin korona ina zaune a gidan Yayana a unguwar Mesaimeer ta Doha, ina koyar da yara ta kwamfuta. Daga ɗaki sai falo, daga falo sai ɗaki. A kullen nan wasu suka koyi gasa burodi, wasu suka sauke Alƙur'ani. Ni kuwa na kamu da son tsofaffin motocin Ingila, ƙananan nan masu kujera biyu da ake naɗe rufinsu. Ina kallon hotunansu a kan siraran hanyoyi masu ciyawa da yayyafi, ina hango kaina a ciki, mayafi yana kaɗawa, baitoci suna zuwa mini da kansu. Ko sau ɗaya ban tuna cewa a Doha nake ba, garin da rana ke narka takalmi.

Da aka sassauta kulle sai na ci karo da talla biyu. Ɗaya ja ce, an sa mata sabon inji har da na'urar sanyi. Ɗayar koriya ce shar, kamar ganyen mangwaro bayan ruwa, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba a taɓa canza mata komai ba. Kun san wadda na zaɓa. Na ce wa kaina jar ba ta da ruhi. (Abin da ba ta da shi dai matsala ce.)

Mai koriyar wani dattijon Bature ne da aikinsa ya ƙare zai koma gida, ya ajiye ta a wata gona a Umm Salal. Na tafi da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya daɗe yana tuƙi a Doha. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. A hanya ya yi ta yi mini huɗuba: kada in nuna ina so, in nemo aibu ko da babu, in an faɗi farashi mu juya kamar za mu tafi.

Muka isa. Kawu ya zaga motar, takunkumi a haɓa, ya leƙa ciki, ya sake zagawa.

"Uwata," in ji shi, "ina sauran motar?"

Baturen bai ɓoye mini komai ba, wannan kam zan shaide shi. Ya ce ba ta son zafi, ba ta son cunkoso, tana ɗigar mai, rufinta kuma sai mutum biyu suke iya ɗaga shi. Ni duk sai na ji kamar halin wata baiwar Allah mai taushin zuciya yake ba ni labari. Tambaya ɗaya na yi masa: ko tana da suna? Daga nan na shiga, na riƙe sitiyarin katako, ƙwalla ta cika mini ido, na ce na saya. Ko farashi ba a kai ga maimaitawa ba. Kawu ya ce, "Khalas, shi ke nan, kin kashe ciniki," ya tafi kallon awaki.

Abin da ya biyo baya ba waƙa ba ce. Da bazara ba ta fita, sauran watannin kuma rabinsu tana wurin makaniki tana jiran wani ƙarfe daga Ingila. Yaya ya sa mata suna Amarya, wai kullum tana lulluɓe kuma kowa hidimarta yake yi. Na gaji da shimfiɗa mata kwali saboda mai, na gaji da tashe ta da lallashi. Amma na kasa rabuwa da ita.

Ana haka Mukhtar ya fito neman aurena. Komai ya daidaita sai abu ɗaya: mahaifiyarsa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi sai ta gan ni da idonta. Da gasar cin kofin duniya ta zo, ya samar mata izinin shigowa, ta biyo ta Doha kafin ta wuce Umara. Ranar saukarta kuwa yana bakin aiki a asibitin wani filin wasa, ba halin fita. Ni da bakina na ce zan ɗauko ta. Sanyi ya shigo, motar ta yi kwanaki ba ta yi tari ba, na kuma riga na tsara hoton a raina: ni da Hajiya, iskar teku, fahimtar juna.

Na same ta a filin jirgi tsaye da manyan jakunkuna, dattijuwa doguwa mai farin gilashi. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Da muka iso wurin motar sai ta wuce ƙofar da na buɗe, ta nufi baya, inda babba ke zama. Ta miƙa hannu tana neman mariƙin ƙofa. Babu ƙofa. Babu kujera. Ta tsaya tana kallon wurin da ya kamata a ce suna nan.

Na ce ko in samo mata tasi. Ta ce, "Ai ke aka aiko." Saboda haka kayan ne suka shiga tasi mai sanyi suka yi gaba, ita kuma ta naɗe ƙafafu ta nutse a kujerar gaba, jakar daddawa a cinya domin ta ce wannan ba ta rabuwa da ita. Kafaɗarmu tana gugar juna. Mu da ko ido bai kamata mu haɗa ba, duk canjin giya sai na bugi gwiwarta in ce ta yi haƙuri.

Iskar tekun ta zo, ba laifi. Hajiya ta kama bakin mayafinta da haƙori har muka bar babbar hanya.

Sai cunkoso. Ranar Ghana ke wasa, titi ya cika da ganguna da tutoci. Allurar zafi ta fara hawa, ina kallonta ina salati a zuci. Motar ta yi tari, ta yi ajiyar zuciya, ta mutu a tsakiyar jama'a, tururi yana tashi daga gabanta. Na murɗa makulli har hannuna ya gaji. Can wasu samari masu fenti a fuska suka ji ina cewa "wayyo Allah," ashe Hausawan Ghana ne, 'yan Zango. Ɗaya ya leƙo ya gaida Hajiya da ladabi, ya juya ya ce wa 'yan'uwansa, "Yalla, maza, namu ne, a tura!"

Suka tura. Masu ganga suka biyo baya. Wani ya yafa wa motar tuta, wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Haka aka raka uwar mijin da nake fatan samu, zaune daram da daddawa a cinya, kamar ana kai amarya. Gilashinta kawai ta gyara. Ni kuwa ina tuƙa motar da ba ta da rai, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Bayan motar ta huce ta yarda ta tashi, muka lallaɓa har Mu'aither, ƙofar gidan su Mukhtar. Na zago da sauri na buɗe wa Hajiya, na durƙusa in ba ta haƙuri. A nan na gane ko a durƙushe na fi ta tsawo. Na ƙara duƙawa, har yanzu ina kallon tsakiyar kanta. Sai da na zauna dirshan a kan kwalta. Ta yunƙura za ta fito, gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa. Sannan ta dube ni ta saman gilashi.

"'Yar nan, gaisuwar ta isa. Ciro ni."

Na sa hannu a hammatarta na ja, kamar mai ciro buhu daga rijiya. Daidai lokacin Kawu Sale ya iso yi mata sannu da zuwa. Ya dube mu, ya juya ya koma motarsa a hankali.

Na yi kuka a hanyar gida, na ƙudurta cewa maganar aure ta mutu. Da aka sa rana bayan Umararta, na ɗauka Mukhtar ne ya sha fama.

Sai bayan sunan ɗiyarmu ya gaya mini gaskiya. Ashe da a'arta ta taho a baki, domin an ce mata 'yar boko ce mai rubuta waƙoƙi, ba za ta yi haƙurin zaman aure ba. Amma da ya dawo daga aiki a ranar, tana shafa man zafi a gwiwa, ta ce masa, "Yarinyar da ta zauna da wannan gwangwanin tun korona ba ta sake shi ba, za ta iya da kai."

Na dai koyi cewa in zan sayi abu, in fara tambayar ina babba zai zauna. Amarya tana nan a lulluɓe, tana jiran wani ƙarfe daga Ingila. Mukhtar kuwa har yau bai yanke shawarar ko yabonsa aka yi ba.