Yadda Na Cusa Wake a Filin Kokowa

Ba zan taɓa mantawa da watannina na farko a Madarunfa ba, da kunyar da na jawo wa kaina da hannuna. An turo ni aikin malamin gona, iyalina na can Tawa, ban san kowa ba. In na tashi daga aiki sai ɗaki, ni da salula. Kaɗaici ya ishe ni har na fara ɗaukar kaina bidiyo ina koyar da yadda ake adana wake a buhu kada ƙwari su ci. Na ɗora a intanet, na zauna jiran jama'a.

Sati uku, masu kallo bakwai (huɗu daga ciki ni ne, ina dubawa ko wani ya zo).

Sai na karanta cewa sirrin yana cikin bayanin da ake rubutawa a ƙasan bidiyo: ka sa kalmomin da mutane suke nema, injin bincike ya kawo maka su. Na tambayi kaina, me ɗan wannan yanki na Maraɗi yake nema? Kokowa mana. Na goge maganar wake, na rubuta "kokowar bana, kaye mai zafi, Madarunfa", na maimaita har sau biyar don kada injin ya yi shakka.

Jama'a kuwa suka zo, kowa da zaginsa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, daɗi na ji. Duk wanda ya zage ni sai na amsa masa da godiya, har in tambaye shi garinsu.

Ana nan maƙwabcina Isuhu ya gayyace ni ɗaurin auren ƙaninsa, gayyata ta farko da na samu a garin. Bayan la'asar abokan ango suka haɗa salula da tele a rumfa za a kalli kokowa, ni kuma ina gefe da kofin shayi, ina murna an sa da ni. Wani ya rubuta "kokowar bana". Da suka ga sunan garinsu, sai kowa ya ce a buɗe wannan.

Sai ga fuskata ta cika tele, da wake a tafin hannu: "Salamu alaikum, manoma 'yan'uwana."

Isuhu ya dubi tele, ya dube ni. "Mushe malamin gona, kai da wa kuka kama? Kai da buhun?"

Aka yi dariya har wani ya shaƙe. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Mai salular ya gangara ƙasan bidiyon yana karanta sharhin jama'a da ƙarfi: wani ya rubuta "maƙaryacin banza", ni kuma na amsa, "Na gode ɗan'uwa, daga wane gari kake? Mu riƙa gaisawa." Ya karanta irinta uku. A ta ukun babu wanda ya yi dariya. Na ajiye kofin na ce ina da uzuri.

Washegari na gyara bayanin, na rubuta abin da manomi zai nema da gaske: yadda ake hana ƙwari cin wake. Na koyi cewa injin zai kawo maka duk wanda ka kira, sai dai wanda ka kira da ƙarya ba hira ta kawo shi ba.

Masu kallo sun sake raguwa. A gari kuwa har yau "Mai Kaye Wake" ake ce mini, daga bakin kasuwa har tasha. Ina amsawa kuma. Wanda ya yi wata shida babu mai kiransa ba ya tsayawa zaɓen suna.