Ranar da Na Durƙusa wa Labbo

Ba zan taɓa mantawa ba da damben kakar da aka yi a Goronyo, ranar da na kashe kaina da kaina a gaban mahaifina. (A dambe, hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan. Ba mutuwa ba ce, amma ranar na so a ce ita ce.)

Ina ɗan ashirin da 'yan kai lokacin, na dawo daga Sakkwato inda na koyo faɗan nan na cikin keji da muke kallo a waya, mai haɗa naushi da shuri da kokawa. Kaina ya kumbura. Baba kuwa tsohon shago ne, wato gwarzon ɗan dambe, amma ɓarin jikinsa ya shanye, a kujera aka kawo shi fili. Yana da takensa, kiɗan da makaɗa ke yi masa shi kaɗai, ya ce in na yi kisa ranar ya yarda a buga mini. Tun ina yaro ba abin da nake so kamar wannan.

Ga sa'o'ina cike da fili, amma na tsallake su na tsaya gaban Labbo, wani manomin albasa daga Taloka, ya ba arba'in baya, ga furfura, kunnensa ɗaya ba ya ji. (A tunanina na wawa, tsoho ba ya wuyar faɗuwa, ga suna a banza.)

Baba ya sa aka kira ni. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Sake wani. Wanga tun ba a haihe ka ba shina cikin hili."

Na ce, "Baba, ai zamani ya sake."

Turmin farko na yi ta zuba hannu da ƙafa kamar mai korar tsuntsu a gonar dawa. Ban same shi ko sau ɗaya ba. Ɗan gocewa kawai yake, yana kallon ƙirjina. A na biyu ya ɗana mini ɗaya a haƙarƙari, ya koma ya ci gaba da jira. A na uku numfashi ya ƙare, idona ya rufe, sai jikina ya tuno abin da aka koya masa a birni: in naushi ya ƙi, nutsa ƙasa ka kama ƙafafu. Na zube gwiwa bibbiyu na rungume cinyoyin Labbo.

Kalangu ya yi tsit. Labbo ya leƙo ni, hannunsa mai zare a sama, bai sauke ba. Ya ce, "Mi ya hwaru, ɗana? Gaisuwa ta?"

Fili ya kece da dariya. Baba bai yi ba. Ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya, ya ce a mai da shi gida. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, kuma bai ga wata kakar ba. Wannan har yau yana cin raina.

Bayan rasuwarsa Labbo ya zo ta'aziyya, na tambaye shi yadda ya yi.

Ya ce, "Ka hi ni ƙarhi, ka hi ni sauri. Ni shan kashi na hi ka. Duk abin da kay yi shirin yi, wani ya taɓa yi min shi, shi ya sa ban gaggawa." Ya taɓa kunnensa da ya mutu. "Ga abin da nib bayar."

Shi ya sa yanzu in na ga masu manyan shekaru riƙe da kambu a faɗan keji ba na mamaki. Ni ma na iya jira, na iya dambe, na yi kisa ba adadi, sai dai mai ba da izinin taken yana ƙasa. Abin da na koya dai shi ne, in ka ga mai furfura yana naɗa zare, je ka durƙusa masa tun a bakin fili. Durƙuson can ya fi na tsakiyar fili sauƙi.