Tsamiyar Siminti a Dalawang Sampalok

Jama'a, safiyar Litinin na fito da babur ɗina mai ƙafa uku, cikina na kiran soyayyiyar shinkafa da busasshen kifi, na nufi gindin tsamiya wurin Aling Consorcia mai abinci. Ina shan kwana sai ga ni tsundum cikin tulin yashi. Jiya babu shi a wurin. Gefe guda ga buhunan siminti, ga ƙaton allo da hoton Mai Girma Uban Gari, Garkuwar Masunta, Inuwar Manoman Kwakwa, yana yi mini murmushi ina kakkaɓe gwiwa. Jikin tsamiyar kuma an shafa mata jan fenti.

"Mang Porfirio, gaisuwar mutuwa ka zo?" in ji Aling Consorcia, tana juya ayaba a cikin mai. "Sare ta za su yi."

"Saboda me?"

"Wai saboda tarihi."

To, sunan garin nan namu, Dalawang Sampalok, ai Tsamiya Biyu yake nufi. Guguwa ce ta farfasa wa kakanninmu kwale-kwale, suka rarrafo gaɓa, suka fake tsakanin tsamiyoyi biyu, ba su sake tashi ba. Guda ɗaya wani Mai Girman na baya ya sare tuntuni, ya yi mana filin ƙwallon kwando, inda agwagi ke iyo duk damina. Ta biyun ce ke tsammama miyar kifin kowane gida, kuma a inuwarta Aling Consorcia ta yi sana'ar da ta raini 'ya'yanta tun da teku ya ci mijinta.

Na garzaya ofishin Uban Gari, na sami Babban Mai Kula da Tarihi da Adon Gari, wanda Allah Ya yi shi ƙanen matar Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, me tsamiya ta yi?"

"Bikin cikar gari shekara ɗari biyu za mu yi," ya ce. "Dole a kafa abin tunawa."

"Ba zaɓen da ya wuce muka yi na ɗari da hamsin ba?"

"Garin ƙetaren kogi sun yi na ɗari da tamanin. So kake su girme mu?"

Na ce Allah Ya kiyaye. Na tambayi siffar me za a gina a gurbinta. Ya buɗe zane cikin alfahari: tsamiya ce, ta siminti.

"Ba ta zubar da ganye, jemagu ba sa kwana a kanta. Baƙi tsafta suke so."

Kai, ilimi daɗi! Ni da ban yi nisa a makaranta ba, da sai in ce a bar ta gasken.

Ran da za a sare, an kawo 'yan bushe-bushe, an kafa rumfa. Matan kasuwa kuwa sun riga kowa, sun kewaye bishiyar da tukwanensu. Aling Consorcia ta jingina da ita, ludayi a hannu. Mai Girma ya sauko daga mota cikin farar riga mai shara-shara, ya karɓi lasifika.

"'Yan uwana, yau za mu ɗaukaka tarihi..."

"Totoy!"

Mutum ɗaya ce a duniya take kiransa da sunan yarinta. Nanay Iluminada ce, mahaifiyarsa, ta taso daga coci tana dogara lema. Ashe tun asuba matan suka aika mata da kwanon miya da labari.

Mai Girma ya rusuna, ya kai bayan hannunta goshinsa, yadda muke gaida manya. Ta bar shi ya gama, sannan ta kama kunnensa. Ba wanda ya tuna ya kashe lasifika.

"A gindin bishiyar nan ubanka ya yi ta rera mini waƙa da muryarsa ta akuya har na tausaya na aure shi. Ba don ita ba, da yanzu babu kai. Ka taɓa ta ka gani!"

"Nanay, an riga an ba da kwangila..."

"To, gina abinka a tsakar ɗakinka."

Mai zarto ya saɓa injinsa ya sulale. 'Yan bushe-bushe, da yake an riga an biya su, suka kama busa. Aling Consorcia ta zauna a kan tushe tana share hawaye da gefen zane, sannan ta miƙe ta raba wa kowa ayaba kyauta, har da Garkuwar Masunta, wanda ya ci yana murza kunne.

Amma kada ku ce Mai Girma ba ya cika alkawari. An gina ta simintin a gefen ta gasken, kuma ta fito sak kabeji a kan turmi. A jawabin buɗewa ya ce shi ne shugaba na farko da ya maido wa garinmu tsamiyarsa ta biyu, muka tafa har hannu ya yi ja.

Yanzu na ji ana neman ma'aikacin da zai riƙa yi wa ta simintin ban-ruwa safe da yamma. Na so in nema, sai aka ce mini aikin na buƙatar ƙwarewa, kuma matar Mai Girma tana da sauran ƙanne.