Siririyar Tayar Injiniya Ma'aruf

Allah Ya ajiye wata baiwa a Kasuwar Ose Okwodu ta garin Anacha, kuma ba a buhu take ba. Sunanta Alhaji Ma'aruf, Injiniyan Taya. Shekara ashirin yana sayar da tattasai a Anacha ba wanda ya san yana da ilimi, har shi kansa. Ilimin ya sauko masa ne rana ɗaya, ranar da ya sayi keken tsere na gwanjo.

Keken abin kallo ne, tubarkalla. Wili babba, taya siririya kamar tsinken tsire, sirdi kamar harshen takalmi, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. In Injiniya ya hau, goshi ƙasa, baya sama, babbar riga ta kumbura, sai ka rantse ruku'u yake yi a guje.

Kullum bayan la'asar yakan jingine shi a ƙofar masallaci ya buɗe darasi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

"Jama'a, ku saurari kimiyya. Taya mai faɗi rungumar ƙasa take yi kamar ta ga 'yar'uwarta. Siririya kuwa gaisawa kawai take yi ta wuce. Wilina in ya juya sau ɗaya, sai ɗan keken Liman ya juya sau biyu, Allah Ya gafarta Malam."

Da safe yakan ɗura wa tayar iska har ta yi tauri kamar taɓarya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Abin da take faɗa masa, su biyu suka sani.

Babban abin tausayinsa shi ne Badaru, dattijo mai kai wa mata kaya a tsohon baƙin keke. Tayar Badaru kamar damtsen mahauci take, kuma ba ya cika mata iska. Injiniya ya sa wa keken suna Katifa. Badaru sai dai ya kaɗa ƙararrawa ya wuce.

To, akwai Ramatu mai fura, wadda ta fita takaba shekara biyu da suka wuce. Sau biyu Injiniya yana aika mata da maganar aure, sau biyu tana cewa tana istihara. Sai ga walimar sauka a makarantar Malam Habibullahi, aka ɗora wa Ramatu furar baƙi. Kindirmon yana can ruga bayan gari, kuma Badaru ne ke ɗauko mata. Injiniya ya ga ranar da zai taimaka wa istihara.

"Hajiya, Katifa za ki aika? Kafin ta dawo, masu saukar sun yi jikoki. Ni zan je."

Ramatu ta dubi keken, ta dube shi.

"To Alhaji, jarka ɗaya, a cika ta fal. Kada a bar mata sarari."

"Ki bar wa injiniya lissafi, Hajiya."

Ya kuwa yi lissafi. Da Fulani suka auna masa kindirmo mai kauri, sai ya raba shi jarka biyu, rabi-rabi, ya rataya kowace a ƙaho ɗaya na kan keken, saboda abin da ya kira balans. Wata Bafulatana ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ba a katse masana.

Hanyar ruga ba ta san kimiyya ba. Tsakuwa ce da rami da sawun tirela. Tayar nan mai tauri ba ta ɓoye masa komai ba: duk dutsen da ta gaisa da shi, sai ta isar da gaisuwar ga sirdi, sirdi ya isar ga Alhaji. Haƙoransa na haɗuwa, hularsa na tsalle, jarkoki na ta lilo suna cakal-cakal. Wani ɗan acaɓa, mai okada, ya bi gefensa yana dariya, yana tambaya ko rawa yake yi: "Alhaji, you dey dance?" Injiniya ya so ya yi masa bayani, amma kalma ɗaya ta fito gida huɗu.

A faɗi gaskiya saboda Allah: ya yi sauri. Ko tabarmi ba a gama shimfiɗawa ba ya iso. Ya sauko ƙafa a wawware, ya duba agogo yadda kowa zai gani.

"Minti talatin da ɗaya! A rubuta. Ina masu Katifa?"

Ramatu ta ajiye ƙwarya, ta yi bisimilla, ta tuntsura jarka. Ruwa ya zubo tsararo, tsala zalla. Sai wani abu ya toshe bakin jarkar. Ta bubbuga, curin man shanu ya faɗo tim. Jarka ta biyu ma ta haifi nata, har ya fi girma. Matan da ke dama fura suka tura bakin mayafi a baki, kafaɗu na rawa.

"Wannan," in ji Injiniya, "ci gaba ne. Nono na ɗauko, na kawo kaya biyu."

Yana cikin bayani sai ga ƙararrawa. Badaru ne, a hankali, tayarsa tana haɗiye ramuka, jarka ɗaya cike fal a ɗaure a baya. Ashe Ramatu ta aike shi tun Injiniya bai karya kwana ba. Aka zuba, kindirmo ya sauko da ƙyar, a daskare kamar yadda ya kwana.

Malam Habibullahi ya nuna wa Injiniya tabarma. Ya ce a'a, ya fi son tsayuwa. Har aka shafa fatiha yana tsaye.

Da za a watse, Ramatu ta naɗe curi ɗaya a ganye ta miƙa masa, idonta a ƙasa.

"Alhaji, a shafa a inda sirdi ya yi aiki. Istihara kuma ta fito, Malam Badaru zai aiko maka da goro. Amma in ba damuwa, duk Laraba ka riƙa biyowa da keken, maburgina ya karye."